Manhajar gwaji mai karanta kuɗi da takardar magani: wa ke bayanta?

Mushen Yantala:
Assalamu alaikum ƴan uwa, ina kwananku. Magana gare ni kan manhajar nan da ake ta turawa cikin gurup-gurup na makafi, wadda aka ce tana karanta takardun kuɗi da takardar magani da Hausa. Ba daga Play Store, kantin manhajoji na Google, take ba, APK ce, wato fayil ɗin sa manhaja a salula, ake miƙawa hannu da hannu, an ce ta gwaji ce. Wani ɗalibina ya sa ta, ya kawo mini na saurara. Muryar ba laifi, gaskiya. Amma kafin ta buɗe sai da ta nemi kamara, ta nemi saƙonnin SMS, ta nemi lambobin mutane, sannan ta ce a shiga aksesibilite, sashen salula na taimakon masu naƙasa, a kunna ta kusa da TalkBack mai karanta mana abin da ke kan allo. Kamara na gane. Sauran ukun fa? Me ya haɗa mai karanta jika 5 da saƙonnina? Kuma na laluba cikinta sama da ƙasa, ban ji sunan wanda ya yi ta ba, ba lamba, ba adireshi. A dakata da turawa mu tattauna.

Hajiya Mai Turare, Bukoki:
Wa alaikumus salam Mushe. Ni na sa ta, kuma wallahi ta yi mini rana. Yarinyar da ke taya ni zama in ta tafi lekwal, sai abin da mai saye ya ce ya ba ni. Takardar jika 1 da ta jika 2 in sun tsufa sun yi laushi, hannu ba ya raba su, kowa ya sani. Yanzu ina ɗora salula a kai ta ce mini "jika biyu" da bakin da nake ji. Shekara nawa muna fama da muryar nan mai karanta Hausa da lafazin Faransanci? Don Allah kada ku kashe mana ita da zargi.

Mai Gyaran Salula, Katako:
Hajiya, ba wanda ya ce a kashe. Amma ni da nake buɗe saluloli kullum bari in faɗa muku abin da izinin nan yake nufi. Duk abin da TalkBack yake iya yi, manhajar da kika kunna a aksesibilite ita ma tana iya yi. Tana jin abin da ke kan allo, tana sanin abin da kika rubuta, tana iya danna maɓalli da kanta. In kika buga tauraro da lambobi za ki tura kuɗi, ɗan akwatin nan da ke fitowa yana neman kod, a yawancin saluloli lambobin a fili suke, ba a rufe su. To wanda ke da wannan izini, ga kuma izinin SMS, ya haɗa kod ɗinki da saƙon tabbatarwa. Me ya rage?

Ba ni na ƙirƙiro tsoron ba. Manyan mugayen manhajojin satar kuɗin banki na Android, irin su Cerberus da Anatsa da FluBot, ta wannan ƙofar suke shiga. FluBot ta addabi Turai a 2021 ta hanyar saƙon ƙarya na cewa kayanka sun iso, sai a 2022 ƴan sandan ƙasashe da dama suka haɗu suka rushe ta. Shi ya sa tun Android 13 Google ya sa shinge: manhajar da ba daga kanti aka ɗauko ta ba, ba ta samun aksesibilite sai ka je ka cire shingen da hannunka. Mushe, ɗalibinka ya cire?

Mushen Yantala:
Ya cire. Akwai vokal da ke tafe da ita yana koya yadda ake cirewa, mataki mataki.

Mai Gyaran Salula, Katako:
To ka ji. Kuma mai ido in ya ga allonsa yana motsi shi kaɗai zai firgita ya kashe data. Ku da yawanku kuna ɓoye allo ko ku rage haske har ƙasa don batir, wani abu zai iya gudana ba wanda ya lura.

Ɗan Adar, jami'ar Tawa:
Ku yi mini haƙuri manya, amma akwai abin da ke damuna cikin zancen ga. Be My Eyes, manhajar da ka haɗa makaho da mai ido ta kiran bidiyo, muna amfani da ita, kamarar ɗakinmu muke buɗe ma baƙon da ba mu taɓa sani ba. Seeing AI ta Microsoft, Lookout ta Google, duk muna ɗaukar takardunmu da su. A 2024 ma Be My Eyes sunka sanar za su ba Microsoft bidiyoyin kira don horar da kwamfuta. Wa ya tada gurup a kai? Sai yanzu da wani yaro namu ya yi abu da Hausa anka tuna da tsaro. In na Turawa ne mu ce madalla, in namu ne mu ce ɓarawo. Hakanan za mu ci gaba?

Ƴar Harobanda, mai karatun shari'a:
Yaya Ɗan Adar, kai da bakinka ka ce "sunka sanar". Nan bambancin yake. Be My Eyes an san wanda ya kafa ta, ɗan Danmak ne, Hans Jørgen Wiberg, shi ma mai raunin gani, tun 2015 take aiki. Da za su yi wannan yarjejeniya sun faɗa a fili, sun bar hanyar da mutum zai ce bai yarda ba. Ban ce tsarkaka ne ba, ni kaina ba na ɗaukar kartidantite da kowace. Amma suna da suna, suna da inda ake rubuta musu, in sun saɓa abin da suka rubuta akwai abin riƙewa. Wannan fa? Ba batun fata ba ne. Da sunan yaron na jiki da ni ce ta farko da zan tallata masa.

Baba Tsoho, Tawa:
Salamu alaikum ɗiyana. Ni ban san kan salula ba sosai, jikana ka karanta mini. Amma na yi shekaru ana jana da sanda. Ɗan jagora ba a ɗaukar shi kan hanya. Sai ka san gidansu, ka san uwayenai, don in ya kai ka rami a san ƙofar da za a buga. Kuma ko yaron kirki ne, ba ka ba shi makullin akwatinka don yana riƙe maka sanda. Abin ga da kuke faɗi jagora ne. To ɗan wa ne?

Shugaban gurup:
Wani ya yi mini magana ta gefe ya ce shi ne mai manhajar, an tura masa abin da ake faɗa. Na shigar da shi. A yi masa tambaya da mutunci, ba zagi.

Mai manhajar:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni na yi ta. A nan Yamai nake, na karanta informatik, ƙanwar mahaifiyata ba ta gani, don ita na fara. Ba ɓarawo ba ne ni, kuma ban taɓa kuɗin kowa ba. Bari in amsa. SMS na nema don manhajar ta karanta lambar tabbatarwa da kanta lokacin rajista, kada ku sha wahalar kwafa. Lambobin mutane don wani maɓalli ne na kiran ɗan uwa da ban gama ba. Aksesibilite kuma ina so nan gaba ta riƙa karanta muku saƙonnin WhatsApp da muryar Hausa, shi ya sa na sa tun yanzu.

Maganar Play Store: buɗe asusu dala 25 ne na Amurka, sai da katin banki mai biya a waje, kuma sabon asusu na mutum ɗaya sai ya tara masu gwaji 12 sun riƙe manhajar kwana 14 a jere kafin a bar shi ya nemi fitar da ita. Ba mai biyana ko dala. Da dare nake yi in akwai kuran. Mutum biyar na ba, na ce musu ta gwaji ce, ban ce a watsa ba.

Mushen Yantala:
Sannu ɗana, Allah ya yi albarka da ka fito, ba kowa zai yi ba. Amma ka saurari amsarka da kunnen wani. Cikin izini uku, biyu na abin da ba ka gina ba tukuna ne. Ka karɓi makulli ka ajiye don wata rana. Mu kuma mun ba ka ba mu san me muka ba ka ba. Na uku kuma, na sha yin rajista a manhajoji da lambar tabbatarwa ta shiga da kanta ba tare da an nemi duk saƙonnina ba.

Mai Gyaran Salula, Katako:
Haka ne Mushe, Google na da hanyar da manhaja ke karɓar saƙonta ita kaɗai ba ta leƙa sauran ba. Ƙanena ya san ta, ko ya bincika yau zai samu.

Ƴar Harobanda, mai karatun shari'a:
Tambayata ɗaya. Hoton da aka ɗauka, a cikin salula yake tsayawa ko fita yake?

Mai manhajar:
Na kuɗi a cikin salula ake gane shi, ba ya buƙatar koneksiyon. Na takardar magani yana fita, don rubutun hannu ya fi ƙarfin ƙaramar salula. Yana zuwa wata kwamfuta da na yi haya a waje, daga nan a karanta a dawo da amsa. Ina ajiye kwafi don in ga inda take kuskure in gyara.

Hajiya Mai Turare, Bukoki:
Ajiyewa kake? Ɗana, ai ba ka faɗa ba.

Inna ta Talaje:
Innalillahi. Ni a kan tabarma cikin ɗaki nake ɗauka, in shimfiɗa takardar a cinyata in ɗaga salular sama kamar yadda aka koya mini, in yi ta dannawa har ta yi magana. Ni na san me ya shiga hoton? Ɗiyata tana nan tana shafa mai bayan wanka, jikoki na yawo ba riga. Kuma takardar ma akwai sunana, akwai sunan ciwon da ko kishiyata ba ta san ina da shi ba. Mai ido yana duba hotonsa kafin ya tura. Mu fa?

Mai manhajar:
Inna, wallahi ba na kallon komai sai rubutun.

Inna ta Talaje:
Na yarda da kai ɗana. Amma sai ka buɗe hoton kake ganin rubutun, ko ba haka ba?

Ƴar Harobanda, mai karatun shari'a:
Ƙanena, ba tsoratar da kai nake ba, gara ka ji daga bakinmu. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, an sabunta ta a watan Disamba na 2022, kuma akwai hukumar HAPDP da ke kula da ita. Bayanin lafiya yana cikin waɗanda doka ta fi tsanantawa a kansu. Mai tara su sai ya gaya wa mutum me yake tarawa, don me, ina za su, sai ya sami yardarsa, kuma mutum na da haƙƙin cewa a goge nasa. Fitar da su wajen ƙasa ma da nasa sharuɗɗan. Ba inda aka ce in ka rubuta "gwaji" an ɗauke maka. Kuma yarda a wurinmu ba dogon rubutun Faransanci ba ne da ake danna "eh" a ƙasansa. Manhajarka ta iya Hausa, ta faɗa da murya kafin hoton farko ya fita.

Ɗan Adar, jami'ar Tawa:
Wagga magana ta hotuna na karɓa, ba gardama. Amma in munka ɗora mishi doka da hukuma da takardu, gobe ba ya sake taɓa kwamfuta don makaho. Sai mu koma jiran kamfanin da bai san akwai Hausa ba. Kowace manhaja da gwaji ta fara.

Madam mai aikin jinya, Lazare:
Ni ba makauniya ba ce, mijina ne, don shi nake gurup ɗin. Ku bar ni in sa baki a kan gwajin nan, don na gwada ta da takardarsa. Lokotoro ya rubuta 1/2, wato rabin ƙwaya, sandar tsakiya ta kwanta kaɗan kamar yadda suke rubutu cikin sauri. Manhajar ta ce "goma sha biyu". Ba ta yi jinkiri ba, ba ta ce tana shakka ba, da muryar da take cewa "jika biyu" da ita ta faɗa. Mijina ya yi dariya don ya san maganinsa. Wanda aka rubuta wa sabon magani fa, yana zaune shi kaɗai? Haka 0,5 da 5, ɗigo ɗaya ne tsakaninsu, kuma a maganin yara ko na hawan jini wannan ɗigon rai ne. In ta yi kuskure a kuɗi an yi asarar jika. Gwajin karatun magani ba a yin sa a kan marar lafiya, a kan tsofaffin takardu ake yi, mai ido na zaune yana dubawa.

Mai manhajar:
Madam, na rubuta a shafin farko cewa a tabbatar wurin farmasi.

Mushen Yantala:
Shafin farkon nan hoto ne, ɗana. TalkBack cewa yake "imaj", shi ke nan. Ba wanda ya ji gargaɗinka a cikinmu.

Hajiya Mai Turare, Bukoki:
Ni ma "imaj" na ji, na wuce.

Ɗan Adar, jami'ar Tawa:
To wanga kam ba ni da abin cewa. Sai dai ina da wani tsoro daban da ba a taɓo ba. A Amurka akwai kamfanin Second Sight da ya riƙa dasa ma makafi wata na'ura cikin ido, Argus II, mutum sama da 350 anka yi ma a duniya. A 2019 sunka daina yin ta, a 2020 kamfanin ya kusa rushewa, mutane sunka wayi gari da ƙarfe cikin ido ba mai gyara. Kamfani ke nan mai miliyoyi. Ƙanenmu in ya samu aiki Kwatano ko Dakar gobe, ko kuɗin hayar kwamfutar ya ƙare, hotunan Inna hannun wa za su faɗa? Kuma Hajiya da ta saba, wa zai gaya mata an rufe?

Makaho Mai Waƙa, Wadata:
Ku gafarce ni na shigo a makare. Wace ce cikin biyun ake magana, tsohuwar ko sabuwar? Don jiya an turo mini sabuwa a wani gurup, aka ce sai na goge ta farko kafin ta shiga. Na goge na sa. Ita har lambar da nake ajiyar kuɗi ta tambaya, wai za a riƙa ba masu gwaji kyautar kredi.

Mai manhajar:
Wace sabuwa? Ban fitar da wata ba. Guda ɗaya ce tak, kuma ba ta tambayar lambar kuɗi. Ban yi wa kowa alkawarin kredi ba.

Mai Gyaran Salula, Katako:
Malam Mai Waƙa, kashe data da wifi yanzu, kafin ka gama sauraron saƙon nan. Kowace APK tana ɗauke da sa hannun wanda ya yi ta. In sabuntawa ta gaskiya ce, a kan tsohuwar take hawa ba gardama. In Android ya ƙi, har aka ce sai ka goge ta farko, galibi sa hannun ne ya bambanta, wato wani ya buɗe ta ya ƙara abinsa ya sake rufewa. Ba aiki ne mai wuya ba ga wanda ya iya.

Ka shiga parametir, aksesibilite, ka kashe ta a can tukuna, sannan ka goge ta. In ta hana ka, don wasunsu suna mayar da kai baya da kansu, kada ka yi ta fama, ka cire pus ɗin ka sa a ƙaramar salula mai maɓalli, ka canza kod ɗin kuɗinka daga can. Kada ka canza shi a cikin wadda ta kamu. Ka duba abin da ya rage maka, in an taɓa ka je ajans da kartidantite gobe da sassafe. Ka kawo mini salular, ba sai ka biya ba.

Makaho Mai Waƙa, Wadata:
Subhanallahi. Yarona na nan, bari ya cire pus ɗin. Mutum uku na tura wa.

Shugaban gurup:
Ka kira su da baki yanzu, kada ka tsaya rubutu. Daga yau duk wanda ya turo APK a nan zan goge, ko ta wa ce. Wanda ke cikin wasu gurup na makafi, na Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, ya kai labari.

Mai manhajar:
Wannan ba ni ba ne, ku shaida. Kada gobe a ce ni na saci kuɗin mutane.

Ƴar Harobanda, mai karatun shari'a:
Ba kai ka yi ta ba, mun ji. Wanda ya yi, dokar laifukan intanet ta 2019 na jiransa, kuma Malam Mai Waƙa na iya kai ƙara. Amma ka duba yadda ya samu hanya. Manhaja ba suna, ba wuri ɗaya da aka san nan ake ɗaukar ta gaskiya, kuma da muryarka aka koya wa mutane cire shingen Android. Shi bai yi komai ba sai bin sawunka. Abin da zai raba ka da shi a idon mutane shi ne sunanka da lambarka a cikin manhajar.

Mai manhajar:
In na sa sunana, duk wanda abu ya samu ni zai nema.

Baba Tsoho, Tawa:
To da wa kake so a nema, ɗana?

Mushen Yantala:
Bari in faɗi abin da nake gani, ku gyara mini. Masu gwaji 12 da Google ke nema, a gurup ɗin nan kaɗai mun fi haka. Dala 25 ɗin bai wuce wajen jika 15 ba, ni zan sa jika 2, kuma ba za a rasa mai katin banki ba. Ka fitar da wadda ba ta neman komai sai kamara, mai karanta kuɗi kawai, tunda wannan ba ya fita daga salula. Karatun magani ka rufe shi har sai Madam da irinta sun zauna da kai. Ka je ka gabatar da kanka ga ƙungiyar makafi ta ƙasa, UNAN, su san fuskarka, ka leƙa CIPMEN, cibiyar tallafa wa masu sabbin kamfanoni, ko za su haɗa ka da wanda ya san harkar tsaro ya duba maka aikin.

Ɗan Adar, jami'ar Tawa:
Ni ma jika 1, kuma a sa ni cikin 12 ɗin. Sai dai Play Store ma ba aljanna ba ce, Anatsa da anka ambata ta sha shiga can cikin rigar manhajar karanta takardu.

Mai Gyaran Salula, Katako:
Gaskiya ne. Amma can aƙalla liyan ɗaya ne, sabuntawa daga hannu ɗaya take zuwa, kuma akwai inda ake kai ƙara a sauke ta.

Hajiya Mai Turare, Bukoki:
Ni yanzu in goge tawa ko in bar ta? Gobe Juma'a, ranar ciniki ce.

Mai Gyaran Salula, Katako:
In ta farkon ce Hajiya, ki sa a kashe mata aksesibilite, a cire mata izinin SMS da na lambobi, a bar kamara. Ƙanena, za ta karanta kuɗi a haka?

Mai manhajar:
Za ta karanta. Za ta riƙa tambaya duk buɗewa, a danna "a'a". Na karɓi maganar Mushe, zan rufe ɓangaren magani daren nan daga wajena. Maganar suna ku ba ni zuwa Asabar in yi shawara da gida.

Inna ta Talaje:
Hotunan fa?

Mai manhajar:
Zan goge na wurina duka, Inna.

Ƴar Harobanda, mai karatun shari'a:
Na wurinka. Ka ce daga kwamfutar da ka yi haya ake karantawa a dawo da amsa. Ita ke karantawa da kanta, ko wani kamfani take miƙa wa? In akwai kamfani, wane ne, kuma su kwana nawa suke riƙewa?

Mai manhajar:
Akwai. Bari in buɗe sharuɗɗansu in duba, da Ingilishi suke.